Dutsen Taimamar Kaka

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Asabar abin ya fara lalacewa. Na riƙe lokacin daidai, domin ina shigowa daga Islamiyya na dubi agogon bango, sannan na durƙusa na jawo kayana daga ƙarƙashin gado kamar kullum. Kwalin sabulun da nake ajiye dutse mai lamba goma sha bakwai a ciki yana nan, audugar da na shimfiɗa masa tana nan, amma dutsen babu.

Ina aji huɗu na sakandare a lokacin, muna zaune a unguwar Malali. Ba ni da yawan magana, ko a gida. Abin da nake da shi shi ne kiret ɗin ƙwai guda uku cike da duwatsu, da gwangwanin madara na tsofaffin kuɗin ƙarfe. Kowane dutse na ɗiga masa farin fenti da tsinken sakace, na rubuta lamba a kai, na shigar da shi cikin wani littafi mai jan bango: inda na samo shi, da launinsa, da ko ƙusa tana iya kartarsa. Akwai farin dutse mai kama da ƙanƙara da na tsinta a tulin tsakuwar magina. Akwai marmara, akwai wani mai walƙiya da yake ɓarewa kamar bawon albasa, akwai ɗan kuza da wata 'yar ajinmu ta kawo min daga Jos bayan hutu.

Mai lamba goma sha bakwai ya fi su duka. Kawuna, direban babbar mota, shi ya kawo min shi daga Sakkwato, daga wurin da ake fasa dutsen siminti. Faɗinsa kamar tafin hannu ne. Fuska ɗaya sumul take, ɗayar kuma da katantanwa a nutse a ciki, ta zama dutse ita ma, da murɗinta da komai. Na karanta a wani littafi cewa teku ya taɓa rufe wancan yanki, amma ina so in ji daga bakin wanda ya sani. Malamin labarin ƙasa ya gaya mana cewa ranar Alhamis wata malamar jami'a, masaniyar duwatsu, za ta zo makarantarmu, kuma ya sa sunana cikin masu nuna mata kaya. Kwana biyar ke nan suka rage.

Na sami Umma a kicin tana tankaɗe.

"Umma, an taɓa min kaya?"

"Au, dutse? Ni na ɗauka. Kakarki na ba wa."

Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga ƙauyensu na bayan Zariya aka yi mata aikin yanar ido. Likita ya ce kada ruwa ya taɓa mata fuska har mako biyu, saboda haka sai taimama. Gidanmu kuwa daga ƙofa har bayan gida siminti ne.

"Ta ce a samo mata dutse mai tsabta," in ji Umma. "Na ce ai muna da mai gonar duwatsu a gidan nan. Na zaɓa mata wanda ya fi santsi. Ke da kike da kiret uku?"

Na leƙa ɗakin baƙi. Kaka na zaune kan darduma da baƙin tabarau a fuska, carbi a hannu, dutsena a gefen gwiwarta, katantanwar tana kallon ƙasa. Na gaishe ta, na fito.

Da Baba ya dawo na tare shi a bakin mota, na yi masa bayani a gajarce. Ya yi dariya har ya dafa ƙofa.

"Wato ni za ki aika in karɓe wa uwata abin salla? A'a, 'yar boko. Ke ce jikarta, ke ke da bakin wasa da ita. Je ki tambaye ta."

Matsalar ke nan. Sauran jikoki suna tsokanar Kaka, tana rama musu. Ni daga gaisuwa sai in rasa ta cewa.

Ranar Lahadi na yi dabara. Ina da wani dutsen kogi, mai lamba takwas, baƙi, mai santsi, girmansu kusan ɗaya. Na wanke shi, na shanya, na jira Kaka ta shiga banɗaki, na musanya. Na lissafa komai: idon da aka yi wa aiki bai gama washewa ba, ɗayan kuma dishi-dishi yake gani. Abin da ban lissafa ba shi ne hannu.

Da azahar ta yi na ji muryarta daga ɗaki.

"Wa ya sauya min dutse?"

Umma ta ce babu wanda ya taɓa.

"An taɓa. Wannan sanyi gare shi kamar hancin kare. Nawa yana da ɗan lotso inda babban yatsana yake zama. A nemo min nawa."

Umma ta juyo ta kalle ni. Na je na ɗauko shi, na ajiye a gefen darduma, na ce wai na ɗauka ne in goge masa ƙura. Kaka ta shafa shi, ta ce, "Yauwa, Allah ya yi miki albarka." Albarkar nan ta fi zagi yi min nauyi.

Daga ranar Umma ta ɗora min ɗiga wa Kaka maganin ido, tunda ni ce ba na kuskure lokaci. Na zana jadawali na manna a bayan ƙofa. Da safe kafin in tafi makaranta, da na dawo, da bayan la'asar, da bayan magariba. Kaka ta sa min suna likitar gida.

"Ga ƙawata nan da ruwan barkononta," haka take cewa in ta ji takuna. "Ke ba kya makara ne ko sau ɗaya, mutum ya huta?"

Ranar Litinin na shigo da gwangwanin kuɗina don in goge su a kusa da ita. Gaskiya so nake in zauna kusa da dutsen. Ta ji ƙararsu ta ce in miƙo. Ta riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya tana murzawa tsakanin yatsu.

"Wannan anini ne. Wannan kobo mai huji. Wannan sisi, ga shi ɗan firit. Wannan kuwa sule, ji nauyinsa."

Ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ta ba ni labarin yadda suke zura kobo a igiya su ɗaura a ƙugu in za su kasuwa, da yadda kakanmu ya rufe ɗakinsa na kwano na farko da su bayan an daina karɓarsu, kowace ƙusa da kobonta don kada ruwa ya bi. Na ɗauko jan littafina na rubuta duka.

"Me kike ta kartawa?"

"Abin da kika faɗa, Kaka."

"Ikon Allah. Na tsufa na zama darasi."

Talata ta zo ta wuce ban tambaya ba. Na rubuta abin da zan faɗa a bayan littafin lissafi, layi shida, na haddace a cikin keke mai ƙafa uku a hanyar makaranta. Da na zo gabanta sai na ɗiga magani kawai na rufe kwalba. Malamin labarin ƙasa kuwa ya riga ya sa an rubuta a allo cewa za a ga katantanwar da ta zama dutse. 'Yan ajinmu da ba su taɓa yi min magana ba suna tsayar da ni suna tambaya ko da gaske ne.

Ranar Laraba bayan la'asar na zauna a gefenta har ta shafa addu'a. Dutsen yana tsakaninmu. Layi shidan nan duk suka gudu daga kaina, sai na fara daga inda bakina ya kama. Na gaya mata kawu, da Sakkwato, da teku, da malamar da za ta zo gobe. Na gaya mata ni ce na musanya dutsen ranar Lahadi. Na ce na san abin ibada ne, kuma in ba zai yiwu ba babu komai, zan kai hotonsa da na zana. A rayuwata ban taɓa jera magana mai tsawon wannan ba.

Kaka ta ɗauki dutsen ta juya shi, ta sa yatsa ta bi murɗin katantanwar tun daga baki har tsakiya, kamar wadda ta saba.

"Ashe kina da baki haka, ƙawata? Tun ranar farko na ji dodon koɗin nan a bayansa, na ce wannan akwai mai shi, bari in ga yaushe za ta zo. To ke da kika iya zana jadawali, daga asuba zuwa azahar wace salla ake yi? Ai dutse hutu yake yi. Ki ɗauka da safe in na idar, ki dawo min da shi kafin lokaci ya fita, kuma kada ki bari yaran nan su taɓa min shi da hannun mai. In likita ya sake ni na koma ga ruwa, ki mayar da abinki cikin audugarsa. Ita kuma malamar, in ta ce teku ne a Sakkwato, ki ce mata kakarki ta je biki can, ruwan wanka ma sai da muka yi layi a rijiya. Ki tambaye ta ina suka kai shi, ki zo ki gaya min."