Yashin da Aka Samu a Tankin Motar Baba

Har yau, in na tsaya a bakin hanya mai sayar da isansi, wato man fetur, ya buɗe kwalba warin ya bugi hancina, sai in kawar da kai in matsa gefe. Maigidana yana cewa raki gare ni. Ba raki ba ne. Warin nan mayar da ni yake yi gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Bande da Magariya, ina ƴar shekara tara, na laɓe a bayan kakata ina kallon abin da hannuna ya jawo.

Mahaifina ne ya fara sayen mota a garinmu. Tsohuwa ce, ta sha duniya kafin ta zo hannunsa. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, murfin tankin mai kuwa ya daɗe da ɓacewa, tsumma ake naɗewa a leda a toshe bakin. Amma ita ke kai mutane kasuwar Bande da ta Waca, ita ke ɗaukar mai naƙuda in haihuwa ta gagara a gida. In ta kwanta, garin ne ya kwanta.

Mai kuwa a wurin mutum ɗaya Baba ke saye: ƙanen kakata, wanda shi Baba ke kira Kawu. Ƙafarsa ta hagu ta shanye tun da ƙasa ta rufto masa wajen ginar rijiya, noma ya gagare shi, sai ya kafa ɗan tebur a bakin hanya ya jera kwalabe. Yana da wani farin ƙyalle da yake tace man da shi. In na je wucewa sai ya ce, "Uwargida, yau ma ba a dafa mini komai ba?" Ni kuma in ce na fi ƙarfin miji mai sanda. Ya yi dariya, ya zuba mini gyaɗa a gefen zane.

A shekarar, damina na ƙarewa, gero ya nuna ana yanka, Baba ya yanke cewa zai kai ni Magariya wurin gwaggona in ci gaba da lakwal, wato makarantar boko, don mushen da ke koyarwa a garinmu ya tafi ba a kawo wani ba. Ni kuwa tun da aka yaye ni a ɗakin kakata nake kwana. Ban san wani bargo ba sai bayanta. Na yi kuka, aka ce in na je zan saba. Ba wanda ya ƙara bi ta kaina.

Ana gobe tafiya, da rana tsaka, kowa yana gona, motar tana tsaye a inuwar tsamiya. Na ɗauki gwangwanin tumatir, na zare tsumman nan, na ɗebi yashi na zuba. Uku na zuba. Na mayar da tsumman, na je na goge hannuna da toka. Ka san hankalin yaro: a ganina motar za ta ƙi tashi kwana ɗaya ko biyu, Baba ya haƙura, shi ke nan.

Da safe ta tashi lafiya lau. Aka ɗora ƙunshin kayana, na shiga ina shesshekar kuka. Mun wuce gonakin gari, mun kusa wani kwari, sai ta fara tari, ta yi fizga biyu, ta mutu. Baba ya buɗe gaba ya yi ta taɓe-taɓe har rana ta ɗaga. A ƙarshe shanun huɗa aka samo suka jawo mu gida, yara na bin mu a baya. Ba zan ɓoye maka ba, ranar murna ce fal a cikina.

Kwana uku sai ga makaniki daga Magariya a kan babur. Ya sa Baba ya murɗa makulli, shi kuma ya kara kunnensa a bayan motar. Ya miƙe ya ce famfon da ke tura mai ya mutu, kuma a cikin tanki yake, dole sai an sauke tankin gaba ɗaya. Ban taɓa sanin ana iya ciro cikin mota waje a gani ba. A nan gabana ya fara faɗuwa.

Aka ɗaga bayan motar aka tokare da kututturen gawo da duwatsu. Makanikin ya zura tiyo ya zuƙo sauran man cikin bido, wato jarka, ya tofar da wanda ya shiga bakinsa. Sannan ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashi, yana kwance ƙarafan da suka rungume tankin ɗaya bayan ɗaya, tsatsa na zubo masa a fuska. Ya cire tiyoyi da wayoyi, maza biyu suka tallafa, aka jawo tankin waje kamar an jawo tumbin saniya. Mutane sun baro gona sun taru. Har Kawu ya dogaro sandarsa ya zo, ya zauna a kan saiwar tsamiya yana yi wa ɗan ƴar'uwarsa jaje.

Makanikin ya buɗe saman tankin ya zaro famfon. Ƴar matatar da ke gindinsa ta toshe, ta yi jawur. Ya murza da yatsa, ya dubi Baba. Ya sa aka girgiza tankin aka juye a daro. Da man ya lafa, sai ga jan yashi kwance a ƙasa, kowa yana gani.

"A ina kake shan mai?" in ji makanikin.

Baba ya ɗago daga kan daron. Ya juya wajen saiwar tsamiya. Mutum ne mai zafin zuciya, ga kwana uku ba aiki, ga idon jama'a.

"Kawu, don in rufa maka asiri nake tsallake kowa in zo wurinka. Ashe ƙasa kake ɗura mini?"

Tsohon ya ɗago kai. "Ɗana, sau biyu nake tacewa."

"To ga tacewarka nan a daro."

Wani ya yi ƴar dariya. Kawu ya lalubi sandarsa, ya miƙe da ƙyar, ya bi ta gefen daron ya duba, ya wuce. Ina riƙe da zanen kakata. Magana ɗaya ce ta rage in faɗa. Bakina ya ƙi buɗewa.

Sai da aka yi sati biyu kafin a samo sabon famfo daga Damagaram. A kwanakin nan kakata ba ta yi wa ɗanta magana ba, ba ta kuma je wurin ƙanenta ba. Kunyar kowanne take ji. Ni take ba tuwo in kai masa. In na je sai in tarar da kwalaben a cike, masu babur suna wuce shi suna tafiya har Bande. Ya daina ce mini uwargida. Ya karɓi kwanon ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, jikata." Da ma dukana ya yi.

Aka wanke tankin, aka shanya, aka ɗaura sabon famfo, aka mayar. Aka kai ni Magariya kamar yadda aka tsara tun farko. Kafin damina ta zagayo Kawu ya tattara ya koma wurin ƴarsa da ke aure wajen Dungas. A can ya rasu ina koleji. Kakata ta bi bayansa da shekara biyu.

Na riƙe maganar har na yi aure na haifi ƴaƴa. Wata rana mun je gaishe da Baba, ya tsufa, idonsa ya yi rauni, sai na ji yana ba maigidana labarin, yana cewa daga ranar ya koyi kada ya haɗa zumunci da sana'a. Ashe duk shekarun nan yana ta ba da shi. Na ajiye butar da ke hannuna na durƙusa.

"Baba, ba Kawu ba ne. Ni ce na zuba."

Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take. "Kin bar ni na ci mutuncin ƙanen uwata, kuma kin bari sai da ƙasa ta rufe shi."

Bayan kwana biyu ya ce a kai shi Dungas. Muka sami ƴar Kawu tana sussukar wake, ita ma ta manyanta. Ta saurare mu har ƙarshe, hannunta bai daina aiki ba.

"Ni ba abin da zan yafe, ba ni aka yi wa ba," in ji ta. "Shi dai har ya kwanta ciwo yana faɗin mansa mai tsabta ne. A gaban mutane aka ɓata shi. Ku je can ku gyara."

Ranar Juma'a, bayan an sallame, Baba ya miƙe a masallacin garinmu ya faɗa. Ƙanena ne ya ba ni labari, don ni ina gida. Ya ce kawunsa bai taɓa sayar da gurɓataccen mai ba, ɓarnar daga cikin gidansa ta fito, shi kuma ya yi zalunci da bakinsa. Bai ambaci sunana ba.

Garin ya sake yanzu. Lakwal ta samu azuzuwa, ba a kai yara nesa, motoci sun yi yawa har ba a sanin na wane ne. Waɗanda suka tsaya a kan daron nan kusan duk sun riga mu. Ƙanena ya ce da Baba ya gama, dattawa uku ne suka sunkuyar da kai. Sauran samari ne, suna neman takalmansu, ɗaya yana tambayar na kusa da shi wane tsoho ake nufi.