Rairayin suyar gyaɗa

Aikin nan na Maigatari ya ba ni wuya. Gini da damina dama wahala ne, ga shi an haɗa mu da injiniya mai ka'ida. Ya ce doka ce, yashin da tifa ta juye ba zai bi ruwa ya shiga kwatar unguwa ba. Ƙasarmu kuwa jigawa ce, ruwa kaɗan sai ta kama tafiya. Haka ya sa mu leburori cika buhunan siminti da ƙasa muna jerawa a gangaren filin. In an yi ruwa, mu kwashe abin da ya taru a bayansu mu kai juji, wai ya haɗu da datti, ba ya shiga kwaɓi. Bayana har yau bai yafe mini ba.

A ƙasan gangaren akwai wata tsohuwa mai suyar gyaɗa. Wajenta nake saye in mun tashi cin abinci. Kullum sai ta ƙara mini gyara, ta ce, "Ci, ɗan nan, ka bushe kamar karan bara." Ni da furfura a gemu.

Wata ranar na tarar ba ta hura wuta ba. Tana zaune ta miƙe ƙafafu, kaskon a kife.

Na ce, "Iya, yau babu ne?"

"Ina za a samu? Kun ɗaure mini rairayi a buhu kamar kun gaje shi."

Ban gane ba sai da ta yi mini bayani. Gyaɗa a cikin rairayi ake soya ta, in ba haka ba ta ƙone ta waje, cikinta ɗanye. Rairayin kuma yana baƙi, dole a sake shi. Da can bayan gari take zuwa ɗiba, har gwiwoyinta suka ƙi. Da aka fara juye yashi a filinmu, ruwan farko ya wanko mata mai laushi har bakin zaure. Ta ce ta ɗauka Allah ne ya dube ta. Sai ga mu da buhuna.

Na ce, "Iya, ba don buhunan nan ba, da kwata ta toshe, ruwa ya ci katangarki."

"Na sani. Katanga ta gode. Ni da ke cikinta fa, me zan ci?"

Ta yi dariya, ni ban iya ba. Da la'asar hadari ya haɗo, aka sheƙa ruwa, muka tashi.

Washegari na riga kowa zuwa. Rairayi ya kwanta a bayan buhunan, sumul. Na yaye na saman da shebur, na cika baro, maimakon juji na gangara da shi ƙofarta. Na roƙi rariya, na zauna a dakalinta na fara tsince tsakuwa kafin rairayin ya sha iska.