Idon Yaya na Hagu

Yayana ne ya koya mini babur, a filin bayan makarantar firamare ta ƙauyenmu, arewa da Sule Tankarkar. Shekara goma sha ɗaya ya ba ni. Tun mahaifinmu na da rai yake acaba, yana kai mutane da kayansu Gumel, ranar Alhamis kuma ya wuni yana jigila zuwa kasuwar Maigatari. Ni na yi boko, na zama malamin makaranta a Gagarawa, na kama haya a Gumel. Shi allo kawai ya yi, amma in dai a kan babur ne, ban san wanda ya fi shi a yankinmu ba. Yashin da ke kayar da kowa shi ratsa shi yake yi da buhun gero da mutum a baya, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Tsofaffi da mata masu ciki sukan zauna jiransa ko da babur biyar ne a tasha.

Duk shekarun nan ba shi da lasisi. Ni ma ba ni da shi, kuma ba mu taɓa ganin abin a matsayin laifi ba.

Wata shekara bayan girbi, ƙungiyar 'yan acaba ta sanar cewa jami'an kiyaye haɗurra za su zo Gumel su ba da horo na kwana uku, wanda ya ci jarrabawa a yi masa lasisi, daga nan kuma a fara kama marasa shi a kan kwalta. Ni na matsa wa Yaya sai mun je. Ya yi dariya ya ce, "Me za su koya mini? Wanda zai koyar ɗin, ina jin ran da na fara tuƙi yana goye a bayan uwarsa." Na ce ko don takardar ya daure. Ya yarda don kada ya watsa mini ƙasa a ido.

Ashe mai koyarwar dattijo ne, da furfura a gemu, mai magana a hankali. Ya jera tsofaffin tayoyi a fili, ya sa muna bi ta tsakaninsu. Ya koya mana kama birkin gaba da na baya tare, da waiwayawa kafin a karya kwana, da ɗaure igiyar hular kwano maimakon a ɗora ta a ka kamar faifai. Da Yaya ya shiga tayoyin nan, wurin ya yi tsit. Dattijon ya sa ya maimaita don sauran su gani, sannan ya ce masa, "Malam, a yashi kai ne malamina. Nuna musu yadda kake sakin hannu." Ranar Yaya ya kwana a wurina, ya yi ta ba matata labari kamar yaron da ya zo na ɗaya a aji.

Rana ta uku aka yi gwajin ido. Ana shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya, amma na roƙa aka bar ni na shiga da shi, saboda na zaci haruffan boko za a ce ya karanta. Ba haruffa ba ne, wata alama ce mai yatsu uku, mutum ya nuna inda ta fuskanta. Da idon dama ya yi ƙoƙari. Da aka rufe na dama, sai ya fara canke. Dattijon ya taso. Ya tsaya a gabansa ya ce ya kalli hancinsa, ya miƙa hannu can gefen hagun Yaya yana kaɗa yatsu, yana matsowa da su a hankali.

"In ka ga motsi ka faɗa."

Ina tsaye ina kallon yatsun nan suna tahowa. Sun wuce kafaɗarsa, sun wuce kunnensa, sai da suka kusa taɓa masa kumatu sannan ya ce, "Na gani."

Dattijon ya ce ba zai iya sa masa hannu ba. Ni kuwa na taso masa. Na ce jiya-jiya ya kira shi malaminsa, yau kuma zai wulaƙanta shi a gaban yaran da Yaya ya isa ya haifa. Na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Bai ɗaga murya ba. Ya jira Yaya ya fita, ya riƙe ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, kai ka yi karatu, za ka gane. Ba tuƙinsa nake zargi ba. Duk abin da zai fito masa ta hagu, ba zai gan shi ba sai ya iso. Ka kai shi asibitin ido a Kano, kada ka bari wata ya mutu. Irin wannan ciwon ba ya zafi, ci yake yi a ɓoye."

A hanyar komawa Yaya ya tsaya gindin wata tsamiya ya kashe babur. Can ya ce ya kai shekara yana jin gefen nan kamar an sa masa labule, shi ya sa yake yawan juya wuya. Ya ce, "In maganar nan ta fita, wa zai sake hawa bayana? Me zan kai gida? Don girman Allah, don darajar iyayenmu, ka bar ta tsakanina da kai." Na ce to asibiti fa? Ya ce sai bayan Sallah. Na yi masa alkawari.

Sallah ta wuce, ya ce sai an yi shuka. Aka yi shuka, ya ce sai an gama noma. Ni ma ban matsa ba, don duk ran da na tayar da zancen sai fuskarsa ta canza, ni kuma ban saba ganin ɓacin ransa ba. Da aka tambaye shi a tasha ina lasisinsa, ya ce takardunsa ne suka maƙale, na gaskata shi a gaban mutane.

Abin da ya fi damuna ba shirun ba ne. Da jami'an suka fara tsayawa a bakin gari, ni da lasisina a aljihu nake wuce su kowace safiya, in na yi gaba kaɗan sai in tsaya in kira shi. "Yaya, yau suna hanyar Maigatari." Sai ya bar kwalta ya bi burtali, ta cikin gonaki, inda hanya ƙunci ce kuma shinge ya rufe gefe da gefe. Shekara biyu ina yi masa wannan aikin, ina ganin zumunci nake yi.

Wata Alhamis da hantsi, dawa ta yi tsayi, ya ɗauko wata maƙwabciyarmu, mace mai sana'ar daddawa wadda ta daɗe ba ta hawa bayan kowa sai shi. Da safen na kira shi kamar kullum, ya bi burtali. Amalanken shanu ya fito daga wata gona ta hagunsa. Matar ta ce ita ta hango shi tun daga nesa, ta ɗauka Yaya ma ya gani, sai da suka zo dab ta yi salati. Shi ya karye a kafaɗa. Ita ƙugunta ne ya daki ƙarfen amalanken. An kai ta wurin mai ɗori, daga baya aka kai ta asibiti, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Tun daga ranar ba ta sake zuwa kasuwa ba.

Mutane suka ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Mijinta ya zo duba Yaya da kansa, ya ce kada ya sa komai a ransa, direba irinsa ma ya faɗi, ina ga wani. Ina zaune a gefen tabarma, na kasa ɗaga kai.

Da kafaɗar ta warke na kai shi Kano, wannan karon ban nemi shawararsa ba. Likitar ta daɗe tana haska idanun. Ta ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama saura kaɗan. Maganin ɗigawa zai iya riƙe abin da ya rage, amma wanda ya tafi ba ya dawowa. Ta ce da mun zo da wuri da ba a kai nan ba. Sannan ta dube mu ta ce, "Duk tsawon lokacin nan ba wanda ya taɓa ce muku ku zo?"

Na buɗe baki, Yaya ya dafa gwiwata ya ce, "Babu, likita."

Ya sayar da babur ɗin. Yanzu igiya yake tufkawa a ƙofar gida, masu zuwa kasuwar dabbobi suna saya. Yana gane mutum in ya tsaya daidai gabansa. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ya ce shi ya roƙe ni, ni kuwa ƙane ne.

Matarsa ce na kasa ɓoye wa. Wata rana na kai musu maganin ɗigawa, ta raka ni zaure, sai na tsinci kaina ina faɗa mata komai, har da kiran wayar. Tsakanina da ita wasa ne tun ran da aka kawo ta gidanmu, ba na shiga ba ta tsokane ni ba. Ta saurare ni har na gama, ta gyara mayafinta ta ce, "Shi tsoro ne ya hana shi. Kai me ya hana ka?" Ta juya ta shige ciki. Har yau tana gaishe ni, tana zubo mini abinci, amma wasan ya ƙare.

Mai daddawa kuwa tana nan, da sanda take tafiya daga ɗaki zuwa tsakar gida. A gida take sana'arta, 'yan unguwa suna saye. Duk zuwan da na yi ƙauye nakan shiga in gaishe ta, ta sa mini albarka, ta ƙulla daddawa ta ce in kai wa matata. Sau da yawa na shiga da niyyar in gaya mata cewa ni na tura su burtalin nan, in nemi gafararta. Sai in zauna, mu yi zancen damina da jikoki, in karɓi ƙullin in fito.