Wasiƙar da Ta Dawo daga Salaga

Mutaru Osman mutumin Bawku ne, amma shekararsa goma sha ɗaya a Yendi, kuma yawancin waɗanda aikinsa ya taɓa rayuwarsu ba su san fuskarsa ba. Wasiƙarsa kawai suke gani a waya, ita ma ba da sunansa take zuwa ba.

Wata ƙungiya ce ta dattawan zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi, yake yi wa aiki. Kowace shekara sukan nemo gurabe talatin a wata makarantar koyon sana'a da ke Tamale, wasu na aikin jinya, wasu na haɗa wutar lantarki, wasu na gyaran na'ura, sai matasan Salaga da Yendi da Bawku da ƙauyukan da ke kewaye su nema. Gurbi talatin, masu nema sun haura ɗari huɗu. Mutaru ne ya gina musu shafin intanet da ake cike fom, kuma shi ne mai aika wa kowa amsarsa ta imel.

Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a bayan shagon ɗinkin matarsa, Sadiqa. Tebur ɗaya, fanka mai ƙara, da kwamfutar da murfinta ya tsage har sai an jingina shi da kwalin zare. Daga safe zuwa la'asar ƙarar keken ɗinki ce a kunnensa. Bayansa ya daɗe da fara ciwo, idanunsa kuma suna ruwa idan ya daɗe yana kallon allo, ga wutar da za a ɗauke daidai lokacin da ya fi bukatarta.

Yadda ya faɗa wannan sana'a ba shiri ba ne. Da ya gama sakandare a Bawku ya nemi kwalejin horar da malamai, ya ba da lambar akwatin gidan waya na wani ɗan kasuwa maƙwabcinsu, don gidansu ba su da akwati. An ɗauke shi. Sai dai ɗan kasuwar ya tafi Kumasi da makullin a aljihu, ya yi mako bakwai. Da takardar ta iso hannun Mutaru, an riga an rufe rajista da kwana goma sha biyu. Bai yi faɗa da kowa ba, don ba wanda ya yi da gangan. Ya shiga buga wa mutane takardu a wani shagon intanet, a nan ya koyi abin da ya koya, shi kaɗai, yana tuntuɓe yana tashi. Da zaman Bawku ya yi wuya, kasuwa yau a buɗe gobe a rufe, sai ya kwashe iyalinsa ya dawo Yendi, garin matarsa.

Mutane sun ɗauka wasiƙa ɗari huɗu yake zama ya rubuta. A'a, biyu ce rak: ta waɗanda aka ɗauka da ta waɗanda ba a ɗauka ba. A cikin kowace yakan bar gurbin suna da na gari da na sana'a, manhajar da ya rubuta ita ke cike su daga fom ɗin mutum, ta maƙala takarda mai hatimi, ta jera wasiƙun a layi. Ashirin-ashirin take sakin su, don idan aka tura su gaba ɗaya manyan kamfanonin imel sukan ɗauka ɗan talla ne, su watsa su kwandon shara inda ba mai dubawa. Kowace wasiƙa kuma riga biyu yake ɗinka mata, ɗaya mai tambari da launi, ɗaya rubutu zalla saboda masu ƙananan wayoyi. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Abdul-Wahid, kowace shekara sai ya ce a ƙara girman tambarin, Mutaru ya ce to, ya ƙara kaɗan.

Wasiƙar rashin nasara ita ce ta fi cin ransa. Layi ɗaya kwamitin ƙungiyar ya ba shi da Turanci. Ya sake ta sau nawa a shekarun nan, ya sa gaisuwa, ya sa Hausa a ƙasa, ya sa addu'a, amma ko an shafa wa maɗaci zuma sunansa maɗaci. Kuma ya ƙi yin abin da masu sana'arsa ke yi, wato a aika daga adireshin da ba ya karɓar amsa. Shi ya ce wanda aka ce wa a'a yana da haƙƙin ya yi magana. Saboda haka duk amsoshin akwatinsa suke faɗowa: mai roƙo, mai zagi, mai tambayar laifin da ya yi, mai turo hoton sakamakonsa karo na uku. Yakan karanta duka. Ba ya iya canza ko ɗaya.

A watan Satumba na shekarar da ya cika arba'in da uku, ranar wata Talata da hantsi, ya saki wasiƙun. Kafin azahar ashirin da uku sun dawo, abin da aka saba, wani ya rubuta adireshi da kuskure, wani akwatinsa ya cika. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ashirin da biyu na rashin nasara ne. Ɗaya kuwa ta samun gurbi ce, aikin jinya, sunan mai ita Taslima Hudu, daga Salaga. Dalilin dawowar: babu wannan adireshi.

Abin ya ɗaure masa kai, domin a watan Yuni ya aika wa wannan adireshin shaidar karɓar fom, kuma ta shiga lafiya. Ya kira lambar da ke fom ɗin, a kashe. Ya kira da la'asar, ya kira washegari, a kashe. Ga shi doka ce ta kwamiti, shi ma da hannunsa ya sa ta a manhajar: duk wanda bai danna maɓallin amincewa cikin kwana goma ba, gurbinsa ya wuce ga na gaba a jerin jira.

Ya kira shugaban.

"Alhaji, akwai yarinya ɗaya a Salaga, wasiƙarta ta dawo."

"Ka aika ko ba ka aika ba?"

"Na aika, amma ba ta isa ba."

"To, Mutaru, namu aikawa ne. Rabo kuma na Allah. Akwai mutum nawa a baya suna jira?"

Gaskiyar Alhaji ce, Mutaru ya sani. Amma kwana uku yana buɗe fom ɗin yana kallon layin da aka rubuta wurin zama: gidan Mma Shetu, bayan kasuwar doya. Ranar Asabar da safe ya buga wasiƙar a takarda, ya rubuta adireshin shafin da ake danna amincewa a ƙasanta, ya sa a ambulan, ya naɗe a leda saboda ruwa.

Sadiqa ta ɗago kai daga keke. "Malam, yanzu kai ne gidan waya? Da wannan bayan naka za ka bi hanyar Bimbilla a damina?"

"Yau zan je, yau zan dawo."

"Haka ka ce ranar da ka je Nalerigu." Ta miƙa masa man zafi a ƙaramar kwalba, ta koma kan ɗinkinta.

Motar ta tsaya a Bimbilla fiye da awa ɗaya ana jiran ta cika. Daga nan zuwa Salaga sau biyu suka sauka aka tura. Da ya isa, laka har gwiwar wandonsa, kuma ba ya iya miƙewa sosai.

Neman Mma Shetu bai yi wuya ba, lokacin sabuwar doya ne, kasuwa cike, wanda ya fara tambaya shi ya nuna masa rumfarta. Tsohuwa ce fara, zaune a kujera mai jingina, hannunta na hagu a kwance a cinya an rufe shi da gefen mayafi, bakinta ya ɗan karkace. Ya lura da hakan, amma murna ta hana shi tsayawa ya yi tunani. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa da Hausar tsofaffin gidajen Salaga, cikakkiya, a hankali, kalma na jan kalma.

"Mma, daga Yendi nake. Albishir na kawo wa Taslima. An ɗauke ta karatun jinya a Tamale."

"Karatun me, ɗana?"

A nan wata budurwa ta fito daga bayan tulin doya, da littafi a hammata, hannuwanta duk ƙasa. Ta dubi ambulan ɗin, ta dubi uwarta. Ba ta miƙa hannu ba.

Mma Shetu ta ce ya karanta mata da Hausa. Ya karanta, tun daga gaisuwa har ranar da ake so a hallara. Da ya gama, tsohuwar ta juya wajen 'yarta ta daɗe tana kallonta.

"Kin nemi wannan?"

"Na nema, Mma."

"Kika yi shiru."

Aka kawo wa baƙo ruwa, aka sayo masa tuwon zafi, ya ci loma uku don kunya. Da zai tafi, Taslima ta ce za ta raka shi tasha. Sai da suka bar kasuwa ta yi magana, ba tare da ta dube shi ba.

"Malam, adireshin ba ɓata ya yi ba. Ni na rufe shi, na kuma cire layin wayar. A watan Yuni na cike fom, a watan Yuli Mma ta faɗi a banɗaki. Ni ke ɗaga ta, ni ke yi mata wanka, ni ke tsayawa da direbobin motocin doya. Yayana yana Kumasi da 'ya'ya huɗu. Na ce a raina, in ban ga amsar ba, ban ƙi ba. Ita kuma ba za ta taɓa cewa saboda ita na zauna ba." Ta gyara littafin a hammatarta. "Yanzu ta ji."

Shekara ashirin da wani abu Mutaru yana ganin babu abin da ya fi wasiƙar da ba ta isa ba muni, bai taɓa kawowa a ransa cewa wani zai toshe ƙofa da kansa ba, kuma da dalili.

"Ki yafe mini," ya ce. "Da na tambaye ki tukuna."

"Ba komai, Malam. Ka sha hanya." Ta karɓi ambulan ɗin a ƙarshe, ta sa cikin littafinta. Ta ba yaron mota doya uku ya sa masa a ƙarƙashin kujera.

Bai iso Yendi ba sai washegari, a Bimbilla ya kwana. Kwana biyu yana kwance, Sadiqa na shafa masa man zafi, ba ta ce ai na faɗa maka ba, shi kuwa da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

A rana ta takwas wata baƙuwar lamba ta kira shi. Mma Shetu ce, da wayar maƙwabciya.

"Ɗana, an ce wani abu ake dannawa. Ka danna mata. Ni zan san yadda zan yi."

Zai iya. Aikin da bai kai minti ɗaya ba ne, kalma ɗaya zai canza a gaban sunanta, ba kuma wanda zai sani. Ya dubi allon, ya tuna yadda yarinyar ta tsaya ba ta miƙa hannu ba.

"Mma, ba ni da ikon wannan. Sai ita da kanta."

"Ba ka da iko, ko ba ka so?"

"Ki yi haƙuri, Mma."

Ta sake kira washegari, ya ba ta amsa ɗaya. A rana ta goma Taslima ba ta danna ba. Ƙarfe sha biyu na rana manhajar ta yi aikinta, ta ɗauki suna na gaba, wata Shamima daga Garu, ta cike gurabun wasiƙar ta aika mata. Minti shida tsakani Shamima ta amince, har ta turo amsa mai tsawo tana godiya ga Alhaji da kwamiti da duk zuriyarsu. Mutaru ya karanta, ya ji daɗi don ita, ya rufe kwamfutar ya fita ya zauna a bencin ƙofar shago har la'asar.

A taron kwamiti na gaba ya kawo shawara: a ƙara maɓalli na uku a wasiƙar, bayan na amincewa da na ƙi, wanda mutum zai ce a ajiye masa gurbinsa zuwa baɗi. Wasu suka ce kowa zai fake da shi. Wani ya ce makarantar ba za ta yarda ba. Sai da aka yi zama uku, wata huɗu, kafin Alhaji Abdul-Wahid ya ce a gwada, gurbi biyu kacal a shekara, kuma daga shekara mai zuwa, ban da waɗanda suka wuce.

Mutaru ba shi da adireshin da zai sanar da Taslima. Ya rubuta 'yar takarda da biro, cewa fom zai buɗe a watan Yuni kuma yanzu akwai damar jinkirtawa, ya ba wani direban motar doya mai suna Fawaz da ke zuwa Salaga duk mako. Fawaz ya ce ya ba ta hannu da hannu, ta karanta, ta ce a gaishe shi.

A zama na ukun ne kuma ya ce wa kwamiti ya gaji, a nemi wani ya koya masa ya karɓa. Alhaji ya tambayi ko akwai wanda ya san wani, kowa ya dubi ɗan'uwansa. Aka yi masa addu'a, aka ce ya ƙara shekara ɗaya. Likitan ido ya rubuta masa tabarau, Sadiqa ta ɗinka masa matashi na jingina baya.

Da Yuni ya zo, mutum ɗari huɗu da sittin da ɗaya suka nema. Ranar da aka rufe fom ya rubuta sunan Taslima Hudu a wurin bincike, bai fito ba. Daga Salaga dai mutum saba'in ne, ya fara duba adireshinsu ɗaya bayan ɗaya, yana gyara na waɗanda suka manta ɗigo.