Jatan Lande Goma Sha Biyu Daga Kutama Zuwa Kano

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in yi kuskure a kan aikin masu ilimi. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Ina kiwon jatan lande a tafki biyu a bayan gonata. Wata malamar jami'a, Dakta Rabi, da ta taɓa zuwa duba su, ta bugo waya tana son maza goma sha biyu, manya da ƙanana, rayayyu. Ta ce in mace ko matacce ya shiga ciki, aikin ɗalibanta ya tsaya, dole ta nemi wani mai kiwon. Kwana uku ina zaɓe, ina juya kowanne ina duba gindin ƙafarsa ta ƙarshe, inda kafar maniyyin namiji take.

Kutama

Ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, taubashina Tanimu, tsohon masunci, ya ɗauke ni a babur. Kowane jatan lande na zura shi cikin guntun bututun roba na ɗaure bakin da raga na jera su a bokitin ruwa, don maza in sun haɗu sai sun ɓalle wa juna awartaki. Tanimu ya leƙa bokitin ya yi dariya. A wajen masunta, mai dogon awartaki shuɗi shi ne namiji, ƙanana duk mata ne.

"Amare huɗu ka ɗauko wa Dakta, sarkin wasiwasi. Ni dai kada ka ce ka san ni."

Na rufe bokitin, muka kama hanya.

Gwarzo

Shida da rabi muna tasha. Direba ya ce bokiti sai but ɗin mota, tare da buhunan gyaɗa. Na ƙi, na biya kujera biyu, na ɗora shi kusa da ni, jarkar ruwan tafki a ƙafata. Na sayi koko da ƙosai, ƙosai biyu kawai na iya ci.

Mararrabar Kabo

Bakwai da minti ashirin aka tsayar da mu a shingen bincike. Jami'in ya ɗaga murfi, ya ja da baya, ya tambaya ko kunamu nake safara. Da na yi bayani ya kira abokan aikinsa kallo. Muka yi kusan rabin awa, mota ta ɗau zafi, sai na ga jatan lande mafi girma ya kwanta ta gefe. Wata Hajiya a bayana ta miƙo ruwan leda mai sanyi. Na yi mata godiya, na ce sanyi farat ɗaya kashe su yake yi. Na rage ruwan bokitin, na ƙara na jarka, na riƙa ɗiba da ludayi ina zubowa daga sama don iska ta shiga. Haka na yi ta yi har Kano, hannuna ya sage. Wanda ya kwanta ɗin ya miƙe.

Kano

Tara da kwata na isa. Dakta ta zaro su ɗaya bayan ɗaya, duk suna motsi. Da ta zo kan ƙananan, na kasa kallo.

"Malam Isa, wa ya koya maka? Duk maza ne."

Ta nuna min a na'urar ƙara girman abu wani ɗan zare fari da ke maƙale a jijiyar maniyyi. Ta ce ƙwayoyin cikinsa ke fitar da sinadarin da ke sa namiji ya zama namiji, ya yi maniyyi, awartakinsa ya girma, kuma ita da ɗalibanta suna son su ga bambancin na manya da na ƙanana. In aka cire shi tun yana ƙarami, sai ya rikiɗe mace, har ya yi ƙwai. Sannan ta tara ɗalibanta, masu digiri, ta ce in nuna musu yadda nake dubawa. Na nuna, suna rubutawa. Ta ce daga yau wajena za su riƙa karɓa.

Gida

Na iso Kutama dab da la'asar. Tanimu ya karɓi bokitin ya wanke da kansa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Hajiyar nan da ban san sunanta ba.

Abu ɗaya ke damuna. Cire wannan zaren har namiji ya koma mace, ya halatta a dabbar kiwo, ko ya shiga canza halitta? Malamin da ya san hukuncin, don Allah ya sanar da ni kafin in sake ɗaukar bokiti.