Cinikin Albasa a Ƙofar Gidan Lilo

Maigidana bai taɓa biyan kuɗin farko da aka faɗa masa ba, kuma yakan faɗi haka da irin muryar da wasu ke faɗin sun sauke Alƙur'ani. Dillalin albasa ne a kasuwar Malanbil. Manoman Garu da Madikali sun san shi sarai. In sun hango shi tafe sai su ɗora dala ashirin a kan buhu tun bai iso ba, don a sami abin da za a rage masa ya tafi yana murna. Duk kasuwar an san da wannan, shi kaɗai ne bai sani ba.

Dabararsa guda ce tak. Zai taya, a ce albarka, sai ya kakkaɓe hannu ya juya, ya kama tafiya a hankali, kunnensa a baya. Kafin ya yi taku goma an ce, "Zo, Alhaji, kawo." Da wannan tafiyar ya sayi gidan da muke ciki, da ita ya sayi babur. Har likkafanin mahaifiyarsa sai da ya yi wa mai shago ita, aka zo aka ba ni labari na rasa inda zan sa fuskata.

'Yarmu ta fari tana ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare, lokacin da mai shagon unguwarmu ya buɗe kwalin madarar gwangwani ya tarar da wata takarda mai launi a ciki. Ya ba ta, don ita ce mai karanta wa unguwa Faransanci. Hoton wani ƙaton lilo ne mai kama da ƙafar keke, an rataya masa akwatuna, yara a ciki suna ɗaga hannu. Gidan wasan yara ne a Kwatano. An rubuta cewa duk wanda ya zo da takardar rabin kuɗi zai biya. Yarinyar nan ta sa ta a cikin littafinta, kullum sai ta fito da ita ta duba, har gefenta ya yi laushi. Wata rana ubanta yana zaune da abokansa a ƙofar gida ya gan ta da ita, ya tambaya, ta yi masa bayani. Ya dubi mutane ya ce, "In kinka ci sartifika, ni da kaina za ni kai ki." Ya faɗa ne don alkawari ba a biyan komai a kansa, kuma akwai masu ji. Ita kuwa ta riƙe maganar da hannu biyu. Ta daina wasa, ta rame a kan karatu, ta ci jarrabawar.

To, an faɗa a gaban jama'a, dole a tafi. Sai ya zauna ya tsara tafiyar yadda ba za ta ci masa ko dala ba. Motar fasinja ya ce ta mutanen banza ce masu kuɗin zubarwa. Ya sama mana wuri a gaban kamiyon albasa na wani abokinsa, ni da shi da 'ya'yanmu mata biyu da direba, a matse, gwiwata tana dukan giya duk lokacin da aka canza. Kwana biyu muka yi a hanya, muna tsayawa wurin jandarma, muna tsayawa wurin duwan masu karɓar kuɗin fito, warin albasa ya kama mana tufafi da gashi. Na soya kifi, na ɗaura garin rogo da ƙuli-ƙuli. Har ruwa ya sa muka ɗauko a jarka daga gida, wai ya ji labari a Kwatano sayar da shi ake yi. A Zango muka sauka, gidan mai masaukinsa, inda ba a karɓar masa kuɗin ɗaki saboda kayan da yake kawowa. Kwana biyu na farko ya yi su a kasuwa yana sayar da albasarsa, sai a lokacin na gane cewa tafiyarsa ce ta kullum, mu aka ɗora a kai kamar gyara.

Rana ta uku bayan azahar muka kama hanya, matar mai masaukin ta raka mu don ta san gari. Masu babur suna ta tsayawa a gabanmu, ya ce iska ce mai daɗi, a taka. Muka taka. Ƙaramar ta gaji na goya ta, babbar kuwa tana gaba, takardarta a hannu, sanye da rigar sallarta. Tun daga nesa muka hango lilon ya fi bishiyoyi tsawo, yana juyawa a hankali. Ta tsaya cak a tsakiyar hanya, sai da na ja ta.

A bakin ƙofar masu rangwame sun fi ƙudan mahauta yawa, kuma gaskiya a nan na yaba masa a zuci. Wani mai baƙin tabarau ya matso ya zaro tikiti daga aljihu, wai saura ne, a ba shi kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Maigida ya karɓa, ya murza da babban yatsa, tawadar ta biyo yatsan. Ya miƙa masa abinsa. Wata budurwa mai rigar kamfanin waya ta ce a sayi kati a shiga ƙuri'a, wanda ya ci zai shiga kyauta. Ya ce, "Caca ta, ba mu yi." Wani kuma ya zo da abin da ya kira tikitin iyali, mutum huɗu a dunƙule. Maigida ya sa yarinya ta karanta masa ƙananan rubutun da ke ƙasa, ashe dole sai an haɗa da lemo da alewa na tsada, in ka tara ya wuce kuɗin asali. In dai gane ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu ne, ba a ja da shi.

Saura takardarmu. Muka isa tagar sayar da tikiti. Wata yarinya ce a bayan gilashi, da ɗan rami a ƙasa na miƙa kuɗi, ba ta jin Hausa, ba ta jin Dandanci. Sai 'yarmu ta zama tafinta. Mai tagar ta juya takardar, ta duba hatimi, ta gyaɗa kai. Takarda mai kyau ce. Maimakon dala ɗari huɗu kowane kai, dala ɗari biyu, kuma da shi za a hau komai na ciki. Yarinyar ta juyo ta faɗa wa ubanta cike da murna.

Na ga idonsa ya yi ƙyalli, kuma na san wannan ƙyallin. A lissafinsa, mutumin da ya yanke rabi tun ba a roƙe shi ba, akwai sauran abin yankewa a wurinsa.

Ya ce, "Ce mata dala ɗari."

Ta ce, "Baba, nan ba a tayi. Ga shi an rubuta ga allo."

"Wanda yar rubuta ba mutum ba na? Hwaɗa mata."

Yarinyar da ta ci jarrabawa da Faransancinta, da shi aka sa ta yin tayin albasa a gaban layin mutane. Ta sunkuyar da kai ta faɗa can ƙasa-ƙasa. Mai tagar ta ɗaga farce ta nuna allo, ta leƙa bayanmu ta kira na gaba. Maigida ya kakkaɓe hannu, ya ce mu tafi.

Muka tafi, mu biyar a jere, a hankali, irin tafiyarsa. Taku goma, ashirin, talatin. Muka ƙetare titi muka isa gindin wata bishiya inda wata mata ke sayar da kwakwa. Ya zauna a kan dutse ya ba ƙofar baya. Ya ce in duba a sace ko an aiko wani. Na duba. Mutane suna ta biya suna shiga, ba wanda ya san mun zo duniya.

Yarinyar ta durƙusa a gefensa ta ce, "Baba, takardag ga ƙarhe huɗu taka mutuwa. Ga shi nan an rubuta."

Ya yi dariya ya ce, "Duk mai saida kaya haka shika cewa. Ni za a koya ma kasuwa?"

Bayan rabin sa'a ya tashi, muka koma. Wannan karon ya ƙara dala ashirin, ya ce kuma a shigar masa da ƙaramar kyauta a matsayin kado. Yarinyar ta fassara, na ga leɓenta yana motsi da kyar. Mai tagar ta dubi 'yata, ba da fushi ba, da tausayi, kuma wannan kallon ya fi min zagi ciwo. Ta faɗa mata wata magana a hankali tana nuna agogon bango. Muka sake yin tafiyar. Na ji wani mai gadi yana dariya a bayanmu.

Da muka koma gindin bishiya sai ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce la'asar ta yi, bari ya nemi masallaci, a bar su su ji zafin rashin ciniki. Ban taɓa ganin ya yi doguwar salla irin ta ranar ba. Ya dawo yana jan carbi, fuskarsa a sake, ya ce to, don albarkacin yara ya haƙura, zai biya ɗari biyun. Ya faɗa kamar wanda zai yi wa gidan wasan sadaka. Muka je tagar karo na uku, ya zube kuɗin ta ramin. Mai tagar ta turo su waje, ta nuna agogo. Huɗu ta wuce da kwata. Yanzu dala ɗari huɗu ne.

Nan fa ya tashi. Wai ninki, shi za a ci da ninki, shi da manoma ke gudu. Ya ce wa yarinya ta fassara cewa su ɓarayi ne. Ba ta fassara ba, bai ma lura ba. Ya kwashe kuɗinsa ya juya, kuma wallahi ko a wannan tafiyar kunnensa a baya yake.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, akwai kuɗi a bakin zanena. Na ɗaure su tun daga gida, ribar shinkafar da nake turarawa ina sayarwa, kuma sun isa kai ɗaya a cikakken farashi. Hannuna yana kan ƙullin. Amma 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle ta tsallake maganar uba a kansa. Da ƙaramar ce ke so, da na yi rigima a tsakiyar titin nan kowa ya ji, amma ita tana can tana gwaguyar kwakwa, lilon ma tsoro yake ba ta. Ga matar mai masauki a tsaye tana kallona. Sai na saki ƙullin, na dubi 'yata na ce, "Ke, mi na abin ɓata rai ga lilo? Sai ka ce ƙaramar yarinya." Matar ta dafa kafaɗata ta ce, "Ke kam kina da kara." An sha zagina a duniya ban riƙe ba, wannan yabon ne na kasa mantawa. Na raina mijina a ranar, amma shi aƙalla ya yarda da wautarsa. Ni na san abin da ya dace, na tsaya ina gyara ɗaurin zane.

'Yata ba ta yi kuka ba. Ta je jikin shingen ƙarfe ta riƙe shi, ta tsaya tana kallon lilon yana hawa yana sauka, har ubanta ya gama bayyana wa mai kwakwa yadda ya ƙi yarda a cuce shi, ya kira ta muka tafi.

Da muka dawo Malanbil, washegari da hantsi maƙwabta suka cika gidan suna yi mana barka da zuwa. Maigida ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya buɗe labari. Yadda ya kama mai tikitin jabu, yadda ya gano tikitin iyali, duk gaskiya. Sai na ji ya wuce, wai ya matsa wa mai tagar har ta sauko, yara suka shiga suka hau komai. Wani ya ce kai, Alhaji, har a Kwatano? Ya ce a kira yarinyar ta faɗa da bakinta.

Ta zo ta durƙusa. Ina daga bakin madafa ina jiran in ji abin da za ta yi. Ta faɗi launin akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi yadda ake rufe ƙofar da sarƙa, da yadda lilon ke tsayawa in akwati ya kai ƙololuwa, da sau nawa yake zagayawa kafin a sauke mutane. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Mutane suka yi ta mamaki, ubanta yana gyaɗa kai yana murmushi, kuma na rantse a lokacin shi kansa ya fara yarda an hau.

Bayan an watse ta fita wurin ƙawayenta. Ba ta jima ba ta dawo, ta same ni ina tsince shinkafa, ta tsuguna kusa da ni ta sa hannu a faifan kamar taya ni ta zo yi. Ta rage murya ta ce, "Inna, in mutum ya kai can bisa, tsoro aka ji ko daɗi? Sun tambaye ni, ban san mi za ni ce musu ba."

Na ce ta ce musu duka biyun. Ta yi godiya, ta tashi ta koma ta faɗa musu.