Mastan Birkin Tsohuwar Motarmu

Shekarar da aka karya darajar sefa, motar maigida ta fara ɗigar da man birki a ƙofar gidanmu na unguwar Awendjé, can ƙasar da muke zaman baƙunci. Motar ta girmi aurenmu. Ni ban taɓa tuƙi ba, kasuwa ma sai dole, amma daga kicin nakan gane shi ne ya shigo layi, don sai ya taka birki sau uku take tsayawa.

Haka aka yi ta lallaɓa ta har aka ba baƙi wa'adi: duk wanda ba shi da takardar zama ya fita, ko a kama shi. Yayana ba shi da ita. Ya rufe teburinsa na kasuwanci a unguwar da ake kira London, ya tare a ɗakinmu na baya, ko masallaci ba ya leƙawa. Maigida ya ce shi zai kai shi iyakar Kamaru, hanyar kuwa duk gangara ce da kwana.

Bakaniken, wani mutumin Maraɗi, ya kwance abin da suke kira masta, wato famfon da ke tura mai zuwa ƙafafun mota in an taka birki. Ya ce irinta sai daga Faransa, kuɗinta ya ninka, kafin ta iso ma wa'adi ya wuce. Ya kawo biyu na motocin zamani, ɗaya mai faɗin ciki, ɗaya daidai da tsohuwar.

Maigida ya ɗauki babbar. "Wannan. Birki mai tauri nake so."

"Alhaji, tauri daban, kamu daban. Ƙafarka ce za ta gaya maka."

"Ni da motata za ka koya wa?"

Aka ɗaura ta. Sai an fitar da iska daga bututun, dole wani ya zauna yana taka birkin. Maigida na riƙe da kwalbar mai, Yaya ba ya fitowa, sai ni. Na gyara zani na shiga.

Bakaniken ya ce, "Hajiya, taka! Taka! To, riƙe!"

Na yi ta takawa har cinyata ta fara rawa. Da na sauko na ce, wannan ai turmi nake takawa.

Maigida ya yi dariya. "Ke da ba ki san giyar mota ba?"

Na ce, "Giya dai ban sani ba, amma na san gwiwarka ta dama, ni ke gasa ta da ruwan zafi. Da ita za ka sauko da ɗan'uwana daga kan duwatsu?"

Bakaniken ya sunkuyar da kai yana goge sufana. Maigida ya ja motar ya zaga unguwa. Da ya dawo ya fito yana ɗingishi, bai dube ni ba.

Ya ce wa bakaniken, "Sa ƙaramar."

Suka tafi da safe, na cika musu kwano da dambun nama. Rana ta huɗu ya dawo shi kaɗai, motar ta yi jawur da laka. Ya ce Yaya ya ƙetare lafiya, yana gaishe ni. Ya cinye tuwo malmala biyu yana ƙorafin birkin ya yi masa laushi kamar soso.